Tseren Tudu Domin Gwauraye da Marayu

Karatu: 1 Korantiyawa 9:24-27, 16:1-4, 2 Korantiyawa 8:10-21

Wanda ya tashi a Mubi ba ya bukatar a kwatanta masa tudu. Duwatsun Mandara suna tsaye gabas da garin, sun miƙa ta Michika da Madagali har zuwa Gwoza, suna bin iyakar Nijeriya da Kamaru. Fali da Gude da Kamwe sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma a jikin waɗannan duwatsu, suna jera tsakuwa hawa-hawa domin kada ruwan sama ya kwashe musu ƙasa. A Sukur, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, har yau akwai hanyar da kakanni suka shimfiɗa da dutse tun daga gindin tudu zuwa gidan sarki. Kowace tsohuwar da ta taɓa hawa irin wannan hanya da kaya a ka ta san cewa wanda ya fara da gaggawa shi ne ake tararwa a tsakiyar hanya yana haki.

A wasu ƙasashe mutane sun mai da hawan tudu da gudu wata hanya ta tara kuɗi domin mabukata. Akwai darasi a cikin wannan al'ada ga iyalan masu bi na ƙasar Mubi. Taimakon gwauraye da marayu tsere ne mai nisa a kan tudu. Zafin zuciya na rana ɗaya ba ya kai shi ƙarshe. Yana bukatar horo, da taki, da riƙon amana.

Wane irin tsere ne wannan?

Gudun fanfalaki, wanda Hausawa kan kira gudun ya da ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Kwatankwacinsa shi ne mutum ya tashi daga Mubi da gudu ya je Mararraba, ya juyo ya koma gida. An fara shi a wasannin Olamfik na Atina a 1896, domin tunawa da labarin wani ɗan aike na Girka wanda aka ce ya sheƙo daga filin yaƙi zuwa birni da albishirin nasara. Tsawon da ake bi a yau kuwa ya samo asali daga wasannin Landan na 1908.

Wasu daga cikin waɗannan tseren an san su ne saboda tuddansu. A Afirka ta Kudu akwai tseren Comrades, wanda wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ya kafa a 1921 domin tunawa da abokansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana yinsa tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, a kan manyan tuddai biyar, kuma dole a gama cikin awa 12. Mutum 34 suka shiga na farko, 16 suka kai ƙarshe. A nan maƙwabta, tun 1973 ake tseren hawan Dutsen Kamaru daga garin Buea, zuwa ƙwanƙolin da ya haura mita 4,000 a komo. Wata uwa mai suna Sarah Etonge ta ci wannan tsere sau bakwai, har aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Dutse. A Nijeriya ma an fara tseren hawan dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005.

Yadda ake haɗa gudu da taimako kuwa mai sauƙi ne. Mai gudu yakan zaɓi wata bukata, ya bi 'yan'uwa da abokai, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar. Shi ya ba da ƙafafunsa da zufarsa, su kuma su ba da abin aljihunsu. Ta wannan hanya tseren Landan, wanda aka fara a 1981, ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan 1. A Kanada kuma akwai wani saurayi, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafar dama saboda cutar daji a 1977. A 1980 ya tashi da ƙafar roba domin ya ratsa ƙasarsa ya tara kuɗin binciken maganin cutar. Ya yi kwana 143 yana gudu, ya cinye kilomita 5,373, kafin cutar ta kama huhunsa ta tsayar da shi. Ya rasu a 1981 yana da shekara 22, amma har yanzu ana gudu da sunansa kowace shekara ana tara kuɗi.

Gudun da ba a shirya masa ba

Mutanen Mubi sun san wani gudu dabam. Ran 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga garin. A ranar ce kuma suka auka wa hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp a Kwarhi, har shugabannin suka koma Jos na wani lokaci. Tsofaffi da mata masu ciki da ƙananan yara suka bi daji da duwatsu da ƙafa, waɗansu zuwa Kamaru, waɗansu zuwa Yola. Ba wanda ya yi horo domin wannan gudu, ba kuma wanda ya tsaya a bakin hanya da ruwan sha. A watan Nuwamba na shekarar aka ƙwato garin, amma da yawa sun komo sun tarar da toka a inda suka bar gida, waɗansu kuwa ba su komo ba. Baƙin cikin bai tsaya a kan Kirista kaɗai ba. A watan Nuwamba na 2017, da kuma ran 1 ga Mayu, 2018, an ta da bam a masallatai a cikin Mubi, Musulmi da dama suka rasa rayukansu, aka ƙara yawan gwauraye da marayu a garin.

A farkon wannan masifa taimako ya zo da ƙarfi. Ikkilisiyoyi na gida da na ƙetare sun aiko da hatsi da barguna da magani. Amma yaron da aka goya a baya aka haye dutse da shi a 2014 yanzu ya isa makarantar sakandare, kuɗin makaranta kuwa ba ya jin labarin cewa masu agaji sun gaji. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, a watan Yuli na shekarar kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi cewa rashin kuɗi zai sa ta dakatar da tallafin abinci ga mutane miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Nijeriya. Ma'anar wannan a fili take. Sauran tafiyar ta rage wa maƙwabci da ɗan'uwa da ikkilisiyar unguwa.

Bulus, tsere, da gudummawa

Manzo Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da rabi yana ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18 ya nuna. Kusa da birnin akan yi manyan wasanni kowace shekara biyu, inda ake tsere da dambe da kokawa, a naɗa wa zakara rawanin ganye. Saboda haka da ya rubuta musu a kan masu tsere, ya san suna ganin abin da idonsu. Ya tuna musu cewa ɗan wasa yakan hana kansa abubuwa da yawa domin rawanin da zai bushe cikin 'yan kwanaki, balle mai bi wanda ladansa ba ya lalacewa. Ya ce shi kansa ba ya gudu barkatai, yana horon jikinsa domin kada bayan ya yi wa waɗansu wa'azi a tarar shi bai cancanta ba.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wannan ikkilisiya da aka yi wa misali da tsere, ita ce kuma aka ɗora wa aikin tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima. A sura 16 ta wasiƙar, Bulus ya tsara musu yadda za su yi: a ranar farko ta kowane mako kowa ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa, domin kada a tsaya sai ya zo a fara kai da kawowa. Korantiyawa suka karɓi maganar da murna, har Bulus ya riƙa yin alfahari da su a gaban mutanen Makidoniya. Amma shekara ta zagayo aikin bai kammala ba. A wasiƙa ta biyu, sura 8, sai da ya roƙe su su ƙarasa abin da suka fara, domin cikawar ta yi daidai da ɗokin da suka nuna da fari. Su ne suka riga kowa tashi, amma Makidoniyawa matalauta suka wuce su a kan tudu.

Wannan ciwo bai mutu tare da Korantiyawa ba. Sau nawa aka yi taron kafa asusun marayu, aka yi waƙa, aka yi alkawura masu nauyi a gaban jama'a, bayan wata shida ma'aji ya buɗe littafi ya tarar ko kashi ɗaya cikin huɗu bai shigo ba?

Ba a fafe gora ranar tafiya

Mai shirin gudun fanfalaki yakan ɗauki mako 16 zuwa 20 yana horo. Yakan fita sau uku ko huɗu a mako. Sau ɗaya a cikinsu yakan yi dogon gudu a hankali, yana ƙara masa tsawo kaɗan-kaɗan har ya kai kilomita 30 ko 32. Masu horarwa sukan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100, gama jijiya da ƙashi ba sa ƙarfafa da saurin da zuciya take so. Idan hanyar tseren mai tudu ce, sai ya nemi tudu ya riƙa hawa da gudu yana saukowa a hankali, ya maimaita sau da yawa. Akwai ranakun hutu, domin a lokacin hutu ne jiki yake gyara abin da gudu ya yaga. Saura mako biyu ko uku kuma sai ya rage gudu, ya isa ranar da sauran ƙarfi. A ƙasa irin ta Mubi, da asuba ake wannan aiki, tun ba a watannin Maris da Afrilu ba, a sha ruwa sosai. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, sai ya fara ganin likita.

Ba wanda yake tafa wa mutum a waɗannan watanni. Gari na barci, shi yana kan hanya. Amma a nan ne ake cin tseren ko a faɗi. Haka bayarwa take. Hannun da bai saba buɗewa da mudu ɗaya ba, ba zai buɗe da buhu ba ranar da babbar bukata ta zo. Tsarin da Bulus ya ba Korantiyawa tsarin horo ne: kaɗan, a kan lokaci, kowane mako, ba tare da jiran mai ganga ba. Ubangiji Yesu ma, a Luka 14:28-30, ya yi gargaɗi a kan mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, ya sa harsashi ya kasa ƙarasawa, ya zama abin dariya. Iyalin da ya yi alkawarin ɗaukar nauyin karatun maraya, bari ya fara ƙirga shekarun da suka rage wa yaron, ya yi alkawarin abin da zai iya cikawa har ƙarshe. Gara naira dubu ɗaya kowane wata har shekara shida da naira dubu ashirin sau ɗaya a gaban taro.

Hawa, bango, da gangara

Gogaggen mai gudu ba ya faɗa da tudu. Yakan rage tsawon takunsa, ya ɗan sunkuya gaba, ya bar saurinsa ya ragu amma numfashinsa ya zauna daidai. A tseren Comrades dubban mutane sukan taka da ƙafa a wuraren da hawa ya yi tsanani, su ci gaba da gudu in hanya ta kwanta, kuma ba a ɗaukar wannan abin kunya. Sannu ba ta hana zuwa. A shekarar da damina ta yi gardama ko farashin hatsi ya tashi, iyali yana iya rage abin da yake bayarwa. Abin da bai kamata ba shi ne ya fita daga hanya gaba ɗaya.

Akwai kuma wurin da masu gudu suke kira bango. Abincin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta domin aiki mai tsanani yakan ƙare wajen kilomita 30. Ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, tunani ya fara ba da hujjojin tsayawa. A tseren Boston na Amurka, wanda aka fara a 1897, daidai wannan wuri ne hanya take haɗuwa da jerin tuddai, na ƙarshensu har ana kiransa tudun karya zuciya. Aikin jinƙai ma yana da bangonsa. Yakan zo sa'ad da wanda aka taimaka bai gode ba, ko yaron da aka biya wa makaranta ya faɗi jarrabawa, ko mai bayarwa ya ga shekara goma ta wuce bukata ba ta ragu ba. Domin irin wannan sa'a ce Galatiyawa 6:9 ta gargaɗi masu bi kada su gaji da yin nagarta, gama girbi yana da lokacinsa.

Abin mamaki kuwa, gangara ta fi hawa lahani. A saukowa kowane taki yana dukan cinya da gwiwa, mai gudu kuma ba ya ji sai daga baya. Hanyar Boston da gangara take farawa, kuma waɗanda suka saki jiki a nan su ne tuddan gaba suke kayarwa. Lokacin sauƙi shi ne gangarar mai bi. Kasuwar Mubi ta cika, shanu suna shigowa, an sāke gina majami'u, an sa sabon kwano. Godiya ta tabbata ga Allah saboda wannan. Amma a irin wannan lokaci ne ake mance gwauruwar da ke zaune a benci na baya.

Akwai misalin waɗanda suka riƙe har ƙarshe. Tun 2014 majami'ar Katolika ta Santa Teresa a Yola ta buɗe ƙofarta ga 'yan gudun hijira. Waɗanda ba su da inda za su koma suka zauna a can shekara da shekaru. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta, da majami'a, da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Shekara bakwai ke nan daga tashi zuwa isowa.

Amana

Kuɗin da aka tara da zufar wani abin tsoro ne. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ya sa ikkilisiyoyi su zaɓi amintattun mutane su raka ta, ya kuma faɗi dalilinsa a 2 Korantiyawa 8:20-21: kada a sami abin zargi, a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Idan manzo bai ga wannan ƙasƙanci ba ne, babu shugaban kwamitin da ya isa ya ji haushi don an nemi ganin rasit. A ƙirga kuɗi a gaban mutum uku, a rubuta, a sa a banki, a karanta rahoto a gaban jama'a. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma asusu ɗaya da ya ɓace yakan rufe aljihun mutane har shekara goma.

Haka kuma mai gudu ya binciki zuciyarsa. Tseren taimako a bainar jama'a ake yinsa, Matiyu 6:1-4 kuwa ya ja kunne a kan sadakar da ake yi domin a gani. Ba laifi a sanar da bukata da babbar murya. Laifin shi ne a jera marayu a gaban taro ana ɗaukar hotonsu, a mai da hawayensu tallar mai bayarwa.

Abin da iyali da ikkilisiya za su iya yi

Matasan da Allah ya ba ƙarfin ƙafa suna iya gwada wannan hanya. Ba lalle a fara da kilomita 42 ba. Kilomita 5 ko 10 sun isa mafari. Sai a nemi izinin hukuma da shawarar jami'an tsaro a kan hanyar da za a bi, a tanadi ruwa da ma'aikatan lafiya, a kuma faɗi tun farko inda kuɗin za su. Lissafin ba shi da wuya. Idan mutum 20 suka yi wa mai gudu ɗaya alkawarin naira 500 a kan kowace kilomita, ya kuwa gama kilomita 10, an sami naira 100,000. Matasa 30 sun kawo naira miliyan 3 ke nan. In an gayyaci matasan Musulmi na unguwa, aka kuma raba amfanin ga marayu ba tare da tambayar addinin mahaifinsu ba, to tuddan da suka ga gudun tsoro za su ga wani gudu dabam.

Waɗanda gwiwa ba ta bari su yi gudu ba a bar su a baya ba. Zumuntar mata ta daɗe da sanin hikimar ɗiban hannu ɗaya na hatsi a ajiye gefe kafin a kai niƙa. Uba yana iya sa akwati a ɗaki, kowace Lahadi yara su ga ana sa wani abu a ciki, su ma su sa nasu. Yaron da ya tashi yana ganin haka ya riga ya shiga horo. Ban da kuɗi kuma akwai ziyara, da taya noma, da zama a saurari wanda ba shi da mai saurarensa. Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu a tsakiyar addini na gaskiya.

A ƙarshen tseren Comrades, sa'ad da awa 12 ta kusa cika, akan ga masu gudu sun tsaya sun tallafi wanda ƙafarsa ta ƙi, suna jansa zuwa layin gamawa, ko da yake hakan yana iya jawo musu rasa tasu lambar. Ibraniyawa 12:1-2 ta kira masu bi su yar da duk abin da ke nawaita musu, su yi tseren da jimiri, idonsu a kan Yesu. Shi ne ya hau tudun Golgota da gicciye a kafaɗa, ba domin bashin kansa ba, bai kuwa sauka a rabin hanya ba. Wanda yake bin sawunsa ba zai isa gida shi kaɗai ya bar ɗan'uwansa kwance a gindin tudu ba.

Ubangiji ya ƙarfafa gwiwoyin da suka yi sanyi, ya ta'azantar da gwauraye da marayu na ƙasar Mubi, ya kuma ba jama'arsa alherin ƙarasa abin da suka fara. Amin.